Makarantar farish: mu muka buga bulo, 'ya'yan wa ke ciki?

Sakataren Majalisa: Salama gare ku duka. Kamar yadda aka sanar bayan Misa ta biyu, majalisar farish ta kawo shawara biyu a kan makarantarmu. Ta ɗaya, a riƙa yin baiko (kuɗin da ake bayarwa a coci) na biyu a Lahadin farko ta kowane wata, kuɗin ya tafi makaranta kai tsaye. Ta biyu, a ware mata kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu a godiyar kaka da bazar (kasuwar coci) ta bana. Fada ya ce kada a yanke komai sai an ji bakin jama'a, kuma ba kowa ne ke iya miƙewa ya yi magana a coci ba. To ga fili. Ban da zagi, ban da kama sunan wani malami ko ɗan wani.

Maman Godiya: Sakatare, sannu da aiki. Ni ban iya dogon turanci ba, zan faɗi abin da ke raina. Lokacin da za a gina ajujuwan nan, mu Zumuntar Mata muka ɗebo ruwa daga rafi a ka, muka kwaso yashi da kwano, muka dafa wa masu buga bulo abinci. Ba wanda ya biya mu, ba mu kuma nema ba, don an ce mana makarantar 'ya'yanmu ce. Yau 'ya'yana suna firamaren gwamnati, saboda kuɗin zango ɗaya ya fi ƙarfin mai suyar ƙosai. Ka je bakin ƙofar makarantar ranar Litinin da safe ka ga motocin da ke sauke yara. Da yawansu ban taɓa ganin fuskarsu a coci ba. Yanzu kuma a ce in sa baiko na biyu don ɗan mai mota ya sami fanka a aji? A ba ni amsa tukuna.

Bulus CYON (ƙungiyar matasan Katolika): Mama ta gama magana. A rufe zaure kowa ya tafi ya kwanta.

Injiniya Yakubu: Bulus, bi a hankali. Maman Godiya, maganarki gaskiya ce, amma ki duba ta ɗaya gefen. Kuɗin da ɗan mai motar nan ke biya shi ne ke riƙe da makarantar. Idan farish ba ta sa ko kwabo ba, hedimasta ba shi da inda zai samo albashi da alli da man janareta sai aljihun iyaye. Duk lokacin da kaya suka tashi, sai ya ƙara kuɗi. Duk lokacin da ya ƙara, sai talakawanmu su cire 'ya'yansu, masu hali daga gari su cike gurbin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 haka ake ta yi. Baikon nan da kike ƙi, shi kaɗai ne hanyar da zai sa 'ya'yanki su koma.

Maman Godiya: Injiniya, a takardar da aka karanta a coci ban ji inda aka ce 'ya'yana za su koma ba. An ce "domin makaranta" ne kawai.

Injiniya Yakubu: Haka aka rubuta, gaskiya ne.

Baba Katikis: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Ina jin mutane suna cewa a dā makarantar mishan ta talaka ce, yanzu coci ta koma kasuwanci. Rabin maganar daidai ne. Amma waɗanda ke faɗa ba sa tambayar wa ke biya a wancan lokacin.

Da Fada uku na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA suka iso Shendam a 1907, ba su tarar da jama'ar da za ta yi musu baiko ba. Turawan mulki kuma ba sa son 'yan mishan su yi wa'azi a cikin masarautun Musulmi, shi ya sa makarantun suka fi yawa a wajenmu, da Filato, da Binuwai, da sabon garin manyan birane. Kuɗin gini daga Turai yake zuwa, daga aljihun talakawan Ailan da sauransu. Sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948, da na OLA da suka riƙe Queen of Apostles a Kakuri, mata ne masu ilimi da suka yi shekaru suna koyarwa ba don albashi ba. Abinci da wurin kwana da suturar jikinsu, shi ke nan. Sannan gwamnati tana ba makarantar mishan tallafi idan sufeto ya zo ya ga ta cika sharuɗɗa, da shi ake biyan malamai masu takarda. Mu kuma a ƙauye, iyayenmu su yi gayya su gina aji, su yi jinka, su noma wa malam gonarsa, domin malamin nan shi ne katikis ranar Lahadi.

To ku ƙirga: mutanen Turai, sistoci, gwamnati, da gayyar iyayenmu. Huɗu ke nan. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, ta karɓe makarantun. St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. Paul's ta 'yan Anglika a Zariya ta koma Kufena. Da muka sake fara gina namu daga baya, ukun farko sun tafi. Gwamnati ba ta ba mu komai, Turawa sun tsufa sun koma gida, sistocinmu na yanzu 'ya'yanmu ne kuma ba su da yawan da za su cika kowane aji. Saura gayya. Ita ma mun yi ta ranar gini, muka wanke hannu muka tafi.

Bulus CYON: Baba, da girmamawa, ai gwamnati ta ƙwace ne. Me ya sa ba za a matsa ta dawo da su ba kamar yadda aka yi a kudu?

Injiniya Yakubu: An daɗe ana wannan kiran, bishop-bishop sun sha yi. Legas ta mayar da wasu a 2001. Anambra ta mayar da firamare sama da dubu ɗaya a 2011 zamanin Peter Obi. Amma abin da ya sa na Anambra ya yi aiki, gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malaman, ta kuma ba da kuɗin gyara. Idan aka miƙo mana Rimi gobe da safe babu albashi, wallahi mu da kanmu za mu roƙa a karɓa. Mu da ƙaramar makaranta ɗaya ta gagare mu.

Malama Rifkatu: Na so in yi shiru saboda a nan nake cin abinci, amma Baba Katikis ya taɓa wurin. Baba, ka ce ukun farko sun tafi. Ba su tafi da nauyinsu ba, akwai wanda aka ɗora wa. Mu ne. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 tun watan Yulin 2024. Ba zan faɗi nawa nake ɗauka ba, amma ku tambayi duk malamin makarantar kuɗi a garin nan ko ya ga wannan adadin. Idan muka yi magana sai a ce aikin Ubangiji ne, a yi haƙuri. Sista ta yi alkawarin talauci a gaban bagade da bakinta. Ni ban yi ba. Ina da haya, ina da yara, ina da tsohuwa a ƙauye.

Ga abin da iyaye ba sa gani. Malamin lissafi mai kyau ya zo, ya yi shekara, yara sun fara gane darasi, sai gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki ko wata makaranta a Abuja ta kira shi, ya tafi a tsakiyar zango. A kawo ɗan bautar ƙasa ya riƙe, shi ma wata goma sha ɗaya ya wuce. Sunan makarantar Katolika ne ke jawo iyaye, amma suna ba ya koyar da lissafi. In za a yi baikon nan, ni dai a fara da albashi. Fenti da sabuwar ƙofa su jira.

Maman Godiya: Kai, Malama, ban san haka kuke ba. Mu muna ganin ku da takalmi mai tsini muna cewa kuɗinmu ne.

Malama Rifkatu: Na gwanjo ne, Yaya.

Malam Audu (hedimasta mai ritaya): Ni zan kawo abin da ba za a so ji ba. Na yi aikina duka a firamaren gwamnati, kuma ni Katolika ne tun baftismar jarirai. Ku ƙirga yaran da ke zuwa katikisma ranar Asabar. Nawa ne a makarantar farish, nawa ne a ta gwamnati? Mafi yawansu suna wajenmu, suna zaune a ƙasa, aji ɗaya ya cika ya batse. Ko an ba yara ashirin ko talatin tallafi, sauran fa? Kuɗin da za a zuba a makaranta ɗaya don 'yan kaɗan, da an sayi benci da littattafai an kai firamare uku da ke kewaye da mu, da an buɗe darasin yamma kyauta a zauren coci, yaran da za su amfana sun ninka. Kuma da masu baki irin su Injiniya sun bar 'ya'yansu a makarantar gwamnati, da rufin da ya yaye tun bara an gyara shi. Duk wanda zai iya ɗaga waya ya kira kansila ya kwashe nasa ya tafi. An bar mu da 'ya'yan waɗanda ba a jin muryarsu.

Injiniya Yakubu: Malam Audu, ina girmama ka, amma ba zan yi gwaji da ɗana ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 daga cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka sa ba. Ba ni na ƙirƙira ba.

Malam Audu (hedimasta mai ritaya): Makin da aka sa 75 ne cikin ɗari, kuma ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da ita. Ban ce babu bara-gurbi a cikinmu ba, 'yan siyasa sun cusa mana su da yawa. Amma a kawo wannan takardar a ba malaman makarantun kuɗi na garin nan, har da tamu, mu ga sakamako. Ba a taɓa gwada su ba, shi ya sa ake ganin su tsarkaka.

Malama Rifkatu: A kawo, Baba. Ni zan zauna a benci na gaba.

Alhaji Tanimu: Assalamu alaikum. An sa ni a zauren nan a matsayin tsohon ɗalibi kuma uba, don 'yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ina jin ni ne "ɗan mai mota" da Maman Godiya ke nufi, ko da yake motar tawa sai an tura take tashi.

Bari in faɗi abin da nake saye da kuɗina, don ku san abin da kuke da shi. Ba gini ba ne, akwai makarantun da suka fi taku bene. Abu na farko, ƙarfe bakwai da rabi malami yana aji. Na biyu, ba a sayar da amsa. Kowa a garin nan ya san inda ake kai yara su rubuta WAEC a biya "kuɗin haɗin kai", a rubuta musu amsa a allo. Yaro ya fito da sakamako mai kyau, ya je JAMB ya kasa, ko ya shiga jami'a a kore shi a shekarar farko. A makarantarku idan yarinya ta ci C, nata ne. Na uku, idan ɗan babban mutum ya yi laifi zai yi yankan ciyawa tare da kowa. Ni Fada ɗan Ailan ya koyar da ni, ya san ni Musulmi ne, bai taɓa cewa in bar addinina ba, kuma da azumi yakan ɗauke mana aikin gona. 'Yata ma ba a taɓa tilasta mata karɓar wani abu ba, ko da yake zan so a samar musu ɗan wurin da za su yi azahar ba a bayan aji ba. Wannan maganar wata rana ce.

Game da baiko, ba hurumina ba ne in ce ku yi ko kada ku yi. Sai dai mu ma muna da irin wannan. Makarantar allo da kuɗin Laraba ta rayu, kowane yaro ya kawo wa malam ɗan abin da gidansu ke iyawa. Islamiyyar unguwarmu kuwa, attajirai suna gina aji su sa sunansu, amma albashin malamai kullum sai an yi bara. Kowa yana son ya gina abin da za a gani. In kun buɗe asusun ɗaukar nauyin marayu da 'ya'yan marasa hali, ku sa sunana, zan ɗauki yaro ɗaya. Sharaɗina in riƙa ganin sakamakonsa kowane zango.

Maman Godiya: Alhaji, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba. Allah ya saka. Amma ka ga abin kunya, baƙo ya riga 'yan gida.

Bulus CYON: Ni matsalata ba baiko ba ce, lissafi ne. Mun yi baikon ginin gidan Fada, mun yi na mota, mun yi na katanga, mun yi kuɗin dayosis, mun yi na seminari. Kowace ƙungiya da nata harajin, ga anko, ga kati. Wata Lahadin sai a fita baiko sau uku, mutum ya canza dubu ɗaya zuwa ɗari bibbiyu don kada a gan shi zaune. Amma yaushe aka taɓa manna takarda a allon sanarwa cewa ga abin da makaranta ta samu, ga abin da ta kashe? Yara nawa ne a ciki? Nawa ke shiga kowane zango? Makarantar tana ba farish kuɗi ne ko farish ke ba ta? Akwai masu cewa ana tura wani kaso dayosis. In gaskiya ne a faɗa, in ƙarya ne a faɗa. Matasa ba za su sa hannu a abin da ba su ga cikinsa ba.

Sakataren Majalisa: Bulus, ka kiyaye harshe, kada ya zama zargi.

Bulus CYON: Tambaya na yi, Sakatare. Ban ce wani ya ci ba.

Fada Ishaku: Salama daga Amurka. Dare ya yi a wajenku, nan kuwa yanzu na fito daga aji, na tarar da saƙonni sun taru. Ni ɗan farish ɗin nan ne kafin in zama Fada, don haka da bakin ɗa zan yi magana, ba da bakin Fadan farish ba.

Sakatare, ka bar Bulus. Abin da ya tambaya dokar Ikilisiya ce ta ba shi. Doka ta 537 ta ce kowace farish ta kasance da kwamitin kuɗi. Ta 1287 ta ce masu riƙon dukiya su ba masu bi bayanin abin da suka bayar, bisa tsarin da dayosis ta shimfiɗa. Malama Rifkatu ma tana da tata: ta 1286 ta ce a biya ma'aikatan Ikilisiya albashin adalci da zai ishe su da iyalinsu. Injiniya kuma yana da ta 800, wadda ta ce masu bi su taimaka gwargwadon ƙarfinsu wajen kafa makarantun Katolika da riƙe su. Kowa ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi, amma littafi ɗaya ne.

Wadda ta fi damuna ita ce ta Maman Godiya. Takardar da taron Vatikan na biyu ya fitar a kan ilimi a 1965 ta roƙi makiyaya da masu bi su yi duk sadaukarwar da za su iya don makarantun Katolika, ta kuma ambaci waɗanda za a fi kula da su: matalauta, waɗanda ba su da gatan iyali, da waɗanda ba sa cikin bangaskiyarmu. Wato 'yar Alhaji tana da wuri, ba alfarma aka yi mata ba. Amma 'ya'yan Mama su aka fara ambata. Makarantar da matar da ta ɗebo ruwan gininta ba za ta iya kai ɗanta ba, tana iya zama makaranta mai kyau, sai dai akwai abin da ya ɓace mata.

Nan ma sun bi ta wannan hanyar. A 1884 bishop-bishop na Amurka suka taru a Baltimore suka ce kowace farish ta gina makaranta. Baƙin haure talakawa suka gina, sistoci suka koyar kusan kyauta. A shekarun 1960 ɗalibai sun haura miliyan biyar. Da sistoci suka ragu aka koma biyan malamai, kuɗin makaranta ya tashi, dubban makarantu suka rufe, yanzu ɗaliban ba su kai miliyan biyu ba. Labarin Baba Katikis ne sak. Akwai dayosis ɗaya, Wichita a jihar Kansas, da ta ɗauki wata hanya: iyalin da ke zuwa Misa, suna hidima, suna ba da zakkarsu ga farish, ba sa biyan kuɗin makaranta. Farish gaba ɗaya ke ɗauka, har tsofaffin da 'ya'yansu suka gama tuntuni da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba.

Injiniya Yakubu: Ranka ya daɗe, wannan ai shi ne maganin.

Malam Audu (hedimasta mai ritaya): Fada, a gafarce ni. Mutanen Kansas albashi suke ɗauka duk wata. Mu nan rabin coci manoma ne, kuɗi sau ɗaya yake zuwa musu a shekara. Ka tuna 2023 da cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko, mutanen da suka ci bashi suka shuka ba su tono ko irin da suka binne ba. A shekara irin wannan wa zai ba da zakkar da za ta biya malamai wata goma sha biyu?

Fada Ishaku: Gaskiyarka, Baba, ban ce a kwafo ba. Ba za mu iya cewa kyauta ga kowa ba. Abin da na ɗauko daga wurinsu ɗaya ne: sun daina kallon makaranta a matsayin shagon da farish ta buɗe, inda mai saye ne kaɗai abin ya shafa. Kuma maganarka ta darasin yamma ban ga inda ta yi karo da wannan ba. Ajujuwan makarantar a kulle suke daga ƙarfe uku. Muna da malamai masu ritaya irinka, muna da matasa masu digiri suna zaune. Me zai hana?

Malam Audu (hedimasta mai ritaya): In za a ba ni mabuɗi da alli, zan zo. Amma kada a ce sai yaron da ke da katin baftisma.

Baba Katikis: Manomi ba shi da kuɗi duk wata, amma yana da hatsi da kaka. A dā da masara da dawa ake biyan wani ɓangare na kuɗin makarantar kwana, ba abin kunya ba ne. A karɓi baikon makaranta da tiya da buhu lokacin godiyar kaka, a adana, a sayar da bazara sa'ad da farashi ya tashi. Filin da ke bayan gidan Fada kuma ciyawa kawai yake fitarwa. Zumuntar Maza su yi gayya sau uku a damina, an gama.

Bulus CYON: Baba, "Zumuntar Maza su yi gayya" ma'anarsa CYON su yi noma, dattawa su zo duba aiki da lema.

Baba Katikis: Mun yi namu kafin a haife ka, ɗana.

Maman Godiya: To ni ga nawa. In za a yi, a raba kuɗin gida biyu a rubuce, rabi albashin malamai, rabi kuɗin makarantar yaran da iyayensu ba su da hali. Ban da fenti, ban da sayen mota. A karanta lissafi a coci duk ƙarshen zango da Hausa, ba da turancin da ba ma ji ba. Kuma kada a bar wa majalisa zaɓen yaran, don mun san yadda za a yi, ɗan ƙanin wane da jikan wane. A ba 'yan St. Vincent de Paul, masu kula da matalauta, da shugabannin shiyya. Su ne ke shiga gidaje, sun san gwauruwar da ke kwana da yunwa da wadda ke da ɗa a Abuja yana turo mata. In an yi haka, zan kai maganar Zumunta ranar Alhamis, kuma na san mata za su yi. Mu da muke adashen anko, ba za mu kasa adashen yaro ba.

Malama Rifkatu: Ƙari ɗaya, Yaya. Kada a kira sunayen yaran a coci, kada kuma a sa su fito gaba su yi godiya. Na ga yadda 'yan aji ke tsokanar yaron da aka san ana biya masa. Hedimasta da kwamiti su sani, ya isa. Alhaji zai ga sakamakon nasa a ambulan.

Injiniya Yakubu: Na yarda da duka, amma ban yarda a cire katanga daga lissafi ba. Bayan abin da ya faru a St. Mary's ta Papiri a jihar Neja a watan Nuwamban 2025, inda aka kwashe yara da malamai sama da 200 cikin dare, ba wanda zai ce mini katanga da mai gadi ado ne. Gefen rafi a buɗe yake har yanzu.

Bulus CYON: An yi baikon katanga, Injiniya. Shi ya sa na ce a fara da lissafi.

Sakataren Majalisa: Na rubuta duka. Zan nemi Fada da kwamitin kuɗi su kawo lissafin makaranta na zango uku da suka wuce, da na katanga, kafin a sake maganar baiko. Taro ranar Asabar ƙarfe goma a zauren coci.

Katikis na Ƙauye: Salama. Sai yanzu na hau dutse na sami sabis, na karanta duka. Ba wanda ya ambace mu. Cocin ƙauye bakwai ne a ƙarƙashin farish ɗin nan, kuma duk harajin da aka yanka a gari ana raba mana namu kason. Yaranmu ko an ce kyauta ne ba za su iya zuwa makarantar ba, tafiyar ta fi awa biyu a ƙasa, da damina kuma rafi yana hana ƙetarewa. Kuɗin mashin zuwa da dawowa ya fi kuɗin makarantar. In za a karɓi masararmu, a gaya mana me za mu samu. Ko a nemo gidajen 'yan coci a gari da za su riƙe mana yara daga Litinin zuwa Juma'a mu riƙa kawo abincinsu, ko a turo mana malami ɗaya ya riƙe 'yan ƙanana a cocinmu har su kai aji uku.

Maman Godiya: Ina da ɗaki ɗaya da babu kowa tun da babbar ta yi aure. Mata biyu za su iya kwana, amma su zo da tabarmarsu da gidan sauro.

Katikis na Ƙauye: Mun gode, Mama. Sakatare, Asabar ranar kasuwarmu ce, ba wanda zai zo daga ƙauye. A mayar da shi Lahadi bayan Misa ta biyu, kuma a taimaka mana da kuɗin man mashin biyu.